Da Wane Mudu Ake Auna Mutum?

 Wannan karon ban zo muku da labarin soyayya irin wanda kuka saba gani a littattafaina ba. Wata 'yar tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in baje ta a faifai mu duba tare, don kuwa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ma'auniya ce. Shekara sama da talatin ta yi tana sayar da hatsi a cikin gida, a wani lungu da ke tsakanin Babban Dodo da kasuwar birnin Zazzau. Masara, dawa, gero, shinkafa 'yar gida, duk yara na zuwa awo tun da sanyin safiya. Abin da aka san ta da shi a unguwa shi ne mudunta ɗaya ne. Kun dai san halin wasu masu awo, da mudun saye daban, na sayarwa daban, wani ma an bubbuge gindinsa ya loɓa ciki don ya rage ci. Ita kuwa Inna wanda ta saya da shi, da shi take sayarwa, kuma in ta cika ta tsaga sai ta ɗebo da hannu ta ƙara, ta ce ga gyara. Ko da yaron da aka aiko bai tambaya ba.

A shekarar 2021 muka fara ganin sauyi. Ta ɗora sanwa ta manta har tukunya ta ƙone. Ta yi sallar la'asar, jim kaɗan ta sake neman buta. Ta tambaye ka abu ka ba ta amsa, kafin ka juya ta sake tambaya. Muka ce tsufa ne. Sai ranar da ta nemi kuɗin adashenta ta rasa, ta fito tsakar gida gaban facalolina da yara ta nuna ni da yatsa ta ce, “Wannan yarinyar ce ta ɗauka, ina kallonta.”

Wallahi 'yan uwa ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da nake wanke mata kaya, ni da nake dama mata kunu. Na yi kuka har idona ya kumbura, na haɗa kayana na yi yaji zuwa gidanmu a Tudun Wada. Kwana tara na yi. A rana ta shida aka tsinci kuɗin a cikin tukunyar daddawa, a ƙulle a bakin tsohon ɗankwali, ita da kanta ta ɓoye ta manta. Maigidan ya zo biko yana ta ba da haƙuri, na dawo, amma zuciyata ba ta dawo ba. A ganina da gangan ta yi, dama can ba ta ƙaunata. A waje kuma maganganu suka fara yawo: wasu su ce asiri aka yi mata kuma ni ake nufi, wasu su ce iska ce, har wata maƙwabciya da ta gan ta ta fito da daddare tana neman hanyar gidan iyayenta ta fara hana 'ya'yanta shigowa gidanmu. Kun san kalmar da ake jifan tsohuwa da ita in ta fara yawon dare. Ba zan rubuta ta ba.

Daga ƙarshe 'ya'yanta suka haɗa kuɗi aka kai ta wani asibiti a 2022, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na'urar da ake kira MRI. Likitan da ya duba ya ce babu wani abin tashin hankali, ƙwaƙwalwar ta ɗan motse daidai da shekarunta. Bayan shekara guda abin ya ƙaru, aka kai ta wani asibitin a wani gari, aka sake hoto. Wannan likitan kuma ya ce motsewar ta yi yawa, alamun cutar mantuwa ne. Nan fa gida ya rabu biyu. Yayan maigidana ya riƙe takarda ta farko ya ce Inna lafiyarta ƙalau, rashin kula ne daga matan gida. Maigidana ya riƙe ta biyu. Mace ɗaya, kai ɗaya, awo biyu. Ni kuwa da ke tsakiya sai na ce, to da wane mudu aka auna?

Ƙanwar maigidana, wadda ta karanci aikin ɗaukar hoto na asibiti, ita ta zaunar da ni wata rana bayan isha'i ta warware mini. Ta ce, “Anti, ba lallai ne a ce wani ya yi kuskure ba. Mai yiwuwa ciwon ne ya ci gaba a cikin shekarar, mai yiwuwa kuma mudun ne ya bambanta, kuma ba yadda za a yi a rarrabe tunda ba da na'ura ɗaya aka ɗauka ba.”

Ga yadda abin yake, kamar yadda na fahimta daga bakinta da kuma abin da na bi na karanta daga baya. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne bai wuce girman ƙaramin yatsa ba, likitoci na ce masa hifokamfas. Shi ne kamar rumbun da sabon labari ke fara sauka kafin a adana shi. A cutar Alzheimer, wadda aka sa wa sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, da ya fara bayaninta a 1906, wannan sashen yana cikin waɗanda ke fara lalacewa. Shi ya sa Inna ke tuna sunan ƙawarta ta ƙuruciya amma ba ta tuna ta ci abinci ɗazu. Lafiyayyen tsoho ma nasa yana raguwa, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, mai wannan cutar kuwa yakan kai kashi 4 zuwa 5. Kun ga tazarar ba ta da yawa, ido kaɗai ba ya iya tantance ta a kowane lokaci. Ga shi kuma na'urorin ba iri ɗaya ba ne: kamfanonin da ke ƙera su daban-daban, ƙarfin maganaɗisunsu daban-daban, wata tesla 1.5, wata 3, wata ko rabin ɗaya ba ta kai ba. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙirga na'urori 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu raunin maganaɗisu ne. Bambancin na'ura da na'ura kaɗai yana iya sa kan mutum ɗaya ya ba da lissafi biyu.

Don maganin wannan ne masana suka ƙirƙiro manhajojin kwamfuta masu awo. A ba manhaja hoton, ita za ta zagaye kowane sashe na ƙwaƙwalwa ta lissafa girmansa, ta yi la'akari da girman ƙoƙon kan mutum, sannan ta gwada da na dubban mutane lafiyayyu sa'anninsa. Kamar dai katin awon jarirai da muke zuwa da shi asibiti, inda ake ɗiga nauyin yaro a ga ko yana kan layi ko ya faɗo ƙasa. Akwai wata mai suna FreeSurfer da aka yi a birnin Boston, masu bincike na amfani da ita kyauta. Akwai NeuroQuant da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2006. Wani babban bincike kuma da aka fara a Amurka a 2004, mai suna ADNI, sai da suka ƙera wata ƙwallon roba cike da ƙananan ƙwallaye da aka san girmansu sarai, ana saka ta a cikin na'urorin asibitocin da ke cikin binciken, don a gane wace na'ura ce ke ƙari, wacce ke ragi, a gyara lissafinta. Da na ji haka na yi dariya na ce ashe su ma Turawa sun san matsalar mudu mai loɓaɓɓen gindi.

To a nan tambayata ta farko ta taso. Shin ya dace ma a auna? Wata gwaggona cewa ta yi, “Ke 'yar nan, tsufa ai ba ciwo ba ne, ku bar baiwar Allah ta huta, me lamba za ta ƙara muku tunda ba warkewa za ta yi ba?” Maganarta akwai ƙamshin gaskiya, don har yau babu maganin da ke warkar da wannan cuta, sai dai masu ɗan sassautawa ko rage mata gudu. Amma ni da aka kira ɓarauniya a tsakar gida na san abin da awo ya ƙara mini. Ranar da likita na uku, likitan ƙwaƙwalwa, ya haɗa hotunan da gwajin jini da tambayoyin da ya yi wa Inna da mu masu zama da ita, ya ce cutar mantuwa ce, kuma zargin sata yana daga cikin alamunta da aka sani, ranar zuciyata ta dawo gidan. Ashe ba ƙiyayya ba ce. Mutum ne ya ajiye abu, ajiyar ta goge daga kansa, ya duba bai gani ba, hankalinsa ya ba shi cewa ɗauka aka yi, kuma wa zai zarga in ba wanda ya fi kusa da shi ba? Awon ya wanke ni daga zargin asiri, ya wanke ta daga waccan mummunar kalmar. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun nan ne ake zaluntar tsofaffi mata.

Bayan haka, ba kowace mantuwa ce wannan cutar ba. Ƙarancin sinadarin B12, ciwon maƙoƙo mai rage aikin jiki, tsananin damuwa, taruwar jini ko ruwa a cikin kai bayan tsoho ya faɗi, duk suna iya kama da ita, kuma su ana maganinsu. Wanda ya ƙi awo yana iya barin uwarsa cikin ciwon da ke da magani. Don haka na tsaya a kan cewa awo adalci ne, kuma mudu ɗaya ga kowa shi ne farkon adalci. Matar da ke lungun Kwarbai ta cancanci a auna ta da mudun da za a auna matar gwamna.

Sai tambaya ta biyu: mudun na waye? In an ce kan Inna ya gaza na sa'anninta, su wane ne sa'annin? A 2022 wasu masana suka haɗa hotunan ƙwaƙwalwar mutum sama da 100,000 suka fitar da katin awo tun daga ciki har tsufa, su da kansu kuma suka faɗa cewa mafi yawan mutanen daga Turai da Arewacin Amurka suke. Tsohuwar da ta tashi da tuwon dawa da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa goma ba ta cika yawa a cikin lissafin ba. Kada ku ce wannan ƙaramin abu ne. A 1992 likitocin Ibadan da na birnin Indiyanafolis a Amurka suka fara bin tsofaffi a garuruwan biyu da ma'auni iri ɗaya, Yarabawa a nan, baƙaƙen fatar Amurka a can, sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna masu kamuwa da cutar a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Ashe wuri da abinci da yanayin zama suna da tasiri. Su ne kuma suka lura cewa in ka miƙa wa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba takarda ka ce ta yi zane, za ta faɗi jarrabawar alhali hankalinta garau, sai suka sauya gwajin ya zama jera tsinken ashana. Mu ma nan gida an taɓa yi: likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi tsofaffi ɗari uku da 'yan kai a Zariya, binciken da aka buga a 2011 ya sami kusan 3 cikin 100 na ɗauke da cutar mantuwa. Irin wannan aikin muke buƙata ya yawaita, har a sami katin awo da aka gina da kawunan iyayenmu. Kafin nan, likita nagari ba ya yanke hukunci da lambar kwamfuta ita kaɗai, sai ya haɗa da abin da ya gani da abin da masu jinya suka faɗa masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya ta uku ita ce ta fi hana ni barci. Bayan an sami sunan ciwon, sai na ga wani sabon abu ya shigo gidan. Mutanen da da suke durƙusawa su gaishe ta suka fara magana a kanta tana zaune, kamar ana maganar buhun masara. Yaya da ya daɗe yana musu, da ya yarda sai ya wuce gona da iri. Ya rage zuwa. Da maigidana ya yi masa magana sai ya ce, “To me amfanin? Ko na zo ba ta san ni ba, in na fita ta manta na zo. Likita ma ya ce ƙwaƙwalwar ta tafi.”

Likita bai ce haka ba. Cewa ya yi wani sashe ya ragu. Amma haka ɗan Adam yake, da an ba shi lamba sai ya ɗauka an ba shi mutum ɗungurungum. Na zauna na yi ta juya maganar Yaya, don gaskiya ni ma na taɓa raya ta a zuciyata ranar da na gaji. Shin alherin da aka manta ya faɗi ƙasa banza? Shin uwa tana zama uwa ne don ta san ɗanta?

Ni dai ga inda tunanina ya kai ni. Lokacin da Yaya yake jariri bai san Inna ba. Bai san sunanta ba, bai tuna daren da ta kwana tsaye da shi yana ƙyanda ba, yau in ka tambaye shi ko kwana ɗaya daga shekarunsa biyu na farko ba zai kawo ba. Duk da haka ba ta ce me amfanin shayar da wanda ba zai tuna ba. Kuma nonon bai ɓace ba, ga shi nan ya zama ƙato mai gemu. In ita ba ta sa sharaɗin a tuna ba, mu a ina muka samo namu sharaɗin? Hakkinta a kanmu ya rataya ne a kan abin da mu muka sani, kuma mu ba mu manta ba.

Su ma masana sun gano wani abu da ya ƙarfafa ni. A Jami'ar Iowa ta Amurka, a 2014, an nuna wa masu wannan cuta guntayen finafinai na ban dariya da na ban tausayi. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, amma farin cikin ko baƙin cikin yana nan tare da su. Wannan na gan shi da idona. Ranar da Yaya ya zo ya zauna kusa da ita ya ɓare mata goro, bayan ya tafi ta manta an yi baƙo, amma yinin ranar tana fara'a, ta ci tuwo sosai, ta yi barci. Ranar da wata ta daka mata tsawa don ta ɓata shimfiɗa, ta manta wa ya yi, amma har dare tana rakuɓe tana share hawaye ba ta san dalili ba. Alheri danƙo ne, ko a kan wanda ba ya tunawa yana mannewa. Haka ma sharri.

Ban ce abin da sauƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen jinyarsu mata ne ke bayarwa. Wato mu. Mu ne masu wanki, mu ne masu tashin dare, mu ne kuma ake zargi. Don haka 'yar uwa, in Allah ya jarrabe ki da irin wannan, kada ki haɗiye ke kaɗai har ki faɗi. Ki nemi a raba kwana da 'ya'yanta mata da maza, ai su ma hannu gare su. In ta zarge ki kada ki tsaya musu, ki ce mu je mu duba tare. In ta tambayi mijinta da ya rasu shekara goma, ni na daina ce mata ya rasu, don kullum sabon kuka take yi kamar yau aka yi rasuwar, ban kuma yarda in yi mata ƙarya ba. Cewa nake, “Inna, ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidan nan,” sai ta saki fuska ta fara. In za a yi hoto, ku adana faifan da takardar, in za a sake kuma ku yi ƙoƙari a koma na'urar da aka yi na farko. Ku kanku ma ku kula tun yanzu: wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na cutar yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya kiyayewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji da na gani da aka bari ba magani, zaman kaɗaici da ƙarancin karatu. Ku riƙa awon jini, ku bar 'ya'yanku mata su yi karatu, kada ku kulle tsohuwa a ɗakin ƙurya ita kaɗai. Kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Yanzu Inna ba ta san sunana ba. Wata rana ta ce mini Yaya, wata rana ta ce baƙuwa, sannu da zuwa. Mun daɗe da tsayar da sana'ar, amma na bar mata tsohon mudunta da rabin buhun masara a gefen gado, don na lura hannunta na neman abin yi. Rannan ƙaramar 'yata ta shiga da kwano tana wasa ta ce, “Inna, a auna mini mudu ɗaya.” Sai ta gyara zama, ta cika mudun ta tsaga shi tsaf, ta juye. Na ɗauka shi ke nan. Sai na ga ta sake miƙa hannu cikin buhun ta ɗebo, ta zuba, ta ce, “Ga gyara, ki gai da mutan gidan.”

Na juya na fita tsakar gida don kada yarinyar ta ga hawayena. Likitoci da na'urorinsu su ci gaba da gyara mudu, muna yi musu addu'a, Allah ya sa ya zo mana nan kusa kuma da sauƙin kuɗi. Amma abin da ake ɗebowa da hannu a ƙara bayan awo ya cika, wannan ba ya cikin kwamfuta, yana wurinmu ne mu da ke ɗaki ɗaya da su.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu ya jiƙansu, mu kuma ya ba mu masu haƙuri da mu in namu tsufan ya zo. Kuskuren da kuka gani a ciki ku yafe ni, ajizi ne ɗan Adam. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in da rai da lafiya.

Taku har kullum.